Fashin baƙi: Me ke kayar da ƙaramin jirgin koyo ana dab da sauka?

Me ya sa ƙaramin jirgi zai tashi lafiya, ya yi shawaginsa lafiya, sai ya dawo gida yana hangen titin sauka sannan ya faɗi, alhali akwai ƙwararren malami zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗalibin, kuma kowannensu da sandar tuƙi a gabansa?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a Kaduna. Nan ne gidan koyon tuƙin jirgi a ƙasar nan. A Zariya akwai Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama, wato NCAT, wadda aka kafa tun 1964, a cikin garin Kaduna kuma akwai makarantar koyon tuƙi ta 401 ta sojojin sama. Mutanen Mando da Kawo da na Palladan a Zariya sun saba da ƙugin ƙananan jirage suna zagaye a kan rufinsu tun da safe. Sun kuma san ranakun baƙin ciki. A watan Agustan 2017 jirgin koyo samfurin Air Beetle ya faɗi a Kaduna, malamin tuƙi Guruf Kyaftin Adanu Ochai ya rasu. Ranar 19 ga Afrilun 2022 wani jirgin koyon, Super Mushshak, ya faɗi, hafsoshi biyu, Abubakar Alkali da Elijah Karatu, suka rasa rayukansu.

Duk lokacin da irin haka ta faru, kafin magariba an yanke hukunci a majalisa da Facebook. Wani ya ce inji ne ya mutu. Wani ya ce ai tsoffin jirage ne, an cinye kuɗin gyara. Wani kuma ya ce an ba yaro sanda bai iya ba. Kowace a cikin ukun tana iya faruwa, amma abin da binciken hatsarin ƙananan jirage a duniya ya sha nunawa daban ne. Wannan rubutu ba hukunci ba ne a kan wani hatsari guda. Bayani ne na yadda irin wannan faɗuwa ke aukuwa, don mu san tambayar da ta kamata mu yi.

Yadda ake koyon sauka

Jirgin koyo ƙarami ne, inji ɗaya da farfela a hanci, kujera biyu ko huɗu. Cessna 172 da Diamond DA40 suna cikin waɗanda aka fi gani a makarantun farar hula. Ɗalibi na zama a hagu, malami a dama, kuma sandunan tuƙin a haɗe suke: in ɗaya ya motsa tasa, ta ɗayan ma ta motsa. Haka fedojin ƙafa masu juya jelar jirgin.

Ba a koyon sauka sai da maimaici. Jirgi zai tashi, ya hau kimanin ƙafa 1,000 daga ƙasa, ya zagaya filin a fasalin kusurwa huɗu, ya bi gefen titin yana komawa baya, ya sha kwana, ya sake shan wata kwanar, ya fuskanci titin, ya taɓa ƙasa, ya ƙara wuta ya sake tashi. A darasi guda ana iya yin haka sau shida ko takwas. Wannan shi ne zagayen da mutanen unguwa ke ji ba ya ƙarewa. Ma'anarsa ita ce jirgin koyo yana shafe babban kaso na rayuwarsa a wuri mafi hatsari: ƙasa-ƙasa, a hankali, yana shan kwana. Jirgin fasinja sau ɗaya yake sauka a tafiya, na koyo kuwa saukar ita ce aikinsa.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe tun yanzu. Yawancin hatsarin sauka a kan titi yake faruwa: jirgi ya buga ƙasa da ƙarfi, ya yi tsalle, tayar gaba ta karye, farfela ta ci kwalta, ko iska ta ture shi cikin ciyawa. Waɗannan suna da yawa, suna cin kuɗi, amma galibi mutane kan fito da ƙafarsu. Wanda ke kisa yakan faru ne kafin a iso titin, ko bayan an fasa sauka ana ƙoƙarin sake hawa.

Idan fiffike ya saki iska

Ba inji ne ke riƙe jirgi a sama ba, fiffike ne. Inji tura shi gaba kawai yake yi. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota a hanyar Zariya ya san abin: in ka ɗan ɗaga gaban hannun, iska ta ɗaga shi sama, in ka ƙara ɗagawa, ta ƙara, in ka wuce wani mizani, sai ta daina ɗagawa ta koma tura hannun baya. Fiffiken jirgi haka yake. Idan kusurwar da yake tarbar iska da ita ta wuce digiri 15 zuwa 18, iskar da ke bin bayansa takan watse, ƙarfin ɗagawa ya zube nan take. Matuƙa na kiran wannan sitol. Inji na iya kasancewa yana aiki lafiya ƙalau, da cikakkiyar wuta ma, jirgin ya faɗo.

Yayin da gudu ke raguwa, dole matuƙi ya ƙara ɗaga hanci don jirgin ya ci gaba da tsayuwa a iska, wato yana ƙara matsawa kusa da wannan mizanin. Sauka kuwa dole sai an rage gudu. Cessna 172 kan tunkari titi da gudun kimanin kilomita 120 a awa, kuma idan an sauke leɓen fiffike gaba ɗaya, wato ɓangaren bayan fiffike da ake lanƙwasowa ƙasa don tafiya a hankali, yakan saki iska a wajen kilomita 90. Tazarar kilomita 30 ce. Tana da kyau matuƙar jirgin na tafiya a miƙe.

Kwana ce ke cinye wannan tazarar. Jirgin da ya karkata yana shan kwana ba tare da ya bari ya yi ƙasa ba, fiffikensa na ɗaukar nauyin da ya fi na jirgin. A karkatar digiri 45, gudun da zai saki iska yakan ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari. A digiri 60 nauyin ya ninka biyu, gudun ya ƙaru da kashi 41, wato 90 ɗin nan ta koma kusan 127. Jirgin da ke tafiya a 120, wanda sakan biyar da suka wuce yake cikin aminci, yanzu ya faɗa ƙasa da abin da fiffikensa ke bukata, kuma allurar gudu ba ta motsa ba.

A sama can, ƙafa 4,000 ko 5,000, wannan ba wani abu ba ne. Kowane ɗalibi ana kai shi can a sa shi ya yi sitol da gangan, ya tura sanda gaba, ya ƙara wuta, jirgi ya dawo hayyacinsa. Maganin yana bukatar abu guda: sarari a ƙarƙashinka.

Kwanar ƙarshe

A nan ya kamata mu tsaya, domin wannan kwanar ta ci rayukan matuƙa da yawa a ƙasashe daban-daban, kuma kusan salo ɗaya take bi.

Ɗalibi yana kan gefen ƙarshe na zagayen, zai sha kwanar hagu ya fuskanci titi. Tsayinsa ƙafa 400 zuwa 500, kimanin mita 150. Iska tana bayansa tana tura shi, bai lura ba, ya makara wajen fara kwanar. Da ya duba ta gilashin hagu sai ya ga titin na shirin wuce shi. An sha gaya masa kada ya karkata jirgi fiye da digiri 30 a kusa da ƙasa, kuma yaro ne mai bin doka, don haka ba zai ƙara karkata ba. Sai ƙafarsa ta hagu ta danna feda don ta jawo hancin zuwa titin. Hancin ya juyo, amma fiffiken dama da ke wajen kwanar ya ƙara gudu, ya ƙara ɗagawa, jirgin ya ƙara kifewa hagu. Ɗalibi ya karkata sanda dama don ya hana. Hancin ya soma sunkuyawa, ya ja sanda baya. Yanzu ƙafa tana hagu, hannu yana dama, sanda tana baya, gudu yana zubewa. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ƙara, wataƙila na sakan ɗaya ko biyu. Fiffiken hagu, na ƙasa, shi ne zai fara sakin iska. Jirgin ya mirgina ta wannan gefen, hanci ya dubi ƙasa, ya fara juyi.

Abin da jikin ɗan Adam ke umartarsa a wannan lokacin shi ne ya ja sanda baya da dukkan ƙarfinsa, tunda ƙasa ce ta cika gilashin gaba. Wannan kuwa shi ke ƙara ɗaure jirgin a cikin juyin. Maganin shi ne a tura sanda gaba, wajen ƙasar da ake tsoro. Ko da an yi daidai, fita daga cikakken juyi kan ci fiye da ƙafa 1,000 a yawancin ƙananan jirage, su kuma suna da 500. Daga danna fedar zuwa bugun ƙasa bai fi 'yan sakanni ba.

Wanda ke tsaye a gona yana kallo zai ce ya ji injin ya yi shiru sannan jirgin ya kife. Gaskiya ya faɗa, amma shirun ba mutuwar inji ba ce, kowane jirgi mai sauka an rage masa wuta. Daga nan labarin "inji ya mutu" kan samo asali.

Ba gwaninta ce ke hana wannan ba. Abin da ke hana shi shi ne matuƙi ya yarda cewa saukar ta ɓaci, ya daidaita fiffike, ya ƙara wuta, ya sake zagaye. Minti biyar ne da ɗan mai.

Fasa sauka ma na da nasa tarkon

Sake zagayen shi ne mafita, amma shi ma sai an iya. Jirgin da ke dab da taɓa ƙasa an saita shi don tafiya a hankali, leɓen fiffike a sauke. Da zarar an tura totur gaba ɗaya, hanci zai yunƙura sama da ƙarfi, farfela kuma ta ja jirgin hagu. Dole matuƙi ya danne sanda gaba, ya taka fedar dama, ya janye leɓen kaɗan-kaɗan yayin da gudu ke ƙaruwa. In ya bar hancin ya tashi, sitol ne a tsayin ƙafa 50 ko 100. In ya janye leɓen gaba ɗaya lokaci guda, jirgin ya nutse ya koma ƙasa. Sau da yawa ana zuwa wannan matakin ne a firgice, bayan jirgi ya buga titi ya yi tsalle sau biyu, zuciya na bugawa, an kuma makara wajen yanke shawara.

Ina malamin yake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun iyaye, kuma tana da hujja. Amsar ba ta da daɗi: aikin malamin tuƙi shi ne ya bar ɗalibi ya yi kuskure. Malamin da ke ƙwace sanda da an ɗan kauce zai yaye matuƙin da bai taɓa gyara kuskurensa da kansa ba, ga shi kuma wata rana, sau da yawa bayan awa 15 ko 20 kacal na koyo, za a sake shi ya tashi shi kaɗai. Don haka malami yana zaune, hannunsa kusa da sanda bai taɓa ba, yana auna: in bar shi sakan ɗaya ya gani da kansa, ko in karɓa? A sama yana da sakan goma na wannan tunani. A kwanar ƙarshe yana da biyu. Rahotannin bincike da yawa na hatsarin koyo suna ƙarewa da magana ɗaya, cewa malami ya makara wajen karɓa.

Akwai kuma rikicin wa ke tuƙi. Ƙa'ida ita ce a miƙa jirgi da baki, sau uku: malami ya ce jirgi na hannunka, ɗalibi ya ce jirgi na hannuna, malami ya sake tabbatarwa. An kafa wannan ne saboda an sha samun lokacin da kowannensu ya ɗauka ɗayan ne ke tuƙi, da lokacin da dukansu ke tuƙi, ɗaya na ja ɗaya na turawa. Ɗalibin da tsoro ya kama kan sandare, ya ƙanƙame sanda da ƙarfin da malami ba zai iya ƙwacewa cikin sakan biyu ba.

Gajiya ma na ciki. Malamin da ya yi zagaye talatin tun safe da ɗalibai huɗu, a cikin ɗan akwatin gilashi da rana ke dukansa, ba shi ne mutumin da ya tashi da ƙarfe bakwai ba. Kuma ɗalibin da ya fi ƙoƙari shi ya fi sa malami sakin jiki.

Sai abin da na fi so mu duba da idon basira, domin ya shafe mu kai tsaye. An tarbiyyantar da mu a kan kada ƙarami ya gyara wa babba a gabansa, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A cikin jirgi tana kisa. Idan malami ne da kansa ke nuna sauka ya kuskure, ɗalibin da ya ga allurar gudu na faɗuwa dole ya buɗe baki ya ce gudu ya yi ƙasa, ko da malamin sa'an mahaifinsa ne, ko yana gabansa da muƙami uku. Harkar jiragen sama ta duniya ta koyi wannan da jini tun shekarun 1970, ta mayar da shi darasi na musamman. Makarantar da ɗalibi ke jin tsoron malaminsa fiye da yadda yake jin tsoron ƙasa tana da matsala, ko da jiragenta sababbi ne fil. Haka makarantar da ake yi wa wanda ya fasa sauka dariya a ɗakin hutu.

Sararin Kaduna

Kaduna da Zariya suna kan tudu, sama da ƙafa 2,000 daga teku. A watan Maris da Afrilu, idan zafi ya kai digiri 38, iska takan yi sirara har jirgi ya riƙa aiki kamar yana filin da ke sama da ƙafa 5,000. Inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, farfela ba ta cizon iska sosai, jirgi ya fi gudu a kan ƙasa kafin ya tsaya, in an fasa sauka kuma hawan ya zama na jan ciki. Ɗalibin da ya saba da yadda jirgi ke hawa da sanyin safiyar Disamba, in ya ɗaga hanci haka da azahar ɗin Afrilu, ya kusanci sitol.

Hunturu na zuwa da hazo. Tuƙin koyo da ido ake yinsa, ana duba inda sama ta haɗu da ƙasa don a san ko jirgi a miƙe yake, kuma ƙa'idar tuƙin ido na neman a iya hangen kimanin kilomita 5. Ranar da ƙura ta sauka sosai, hangen kan gaza kilomita guda. Ranakun tsaka-tsaki sun fi hatsari, waɗanda ake ganin kamar za a iya, ga darasi ya taru, ga ɗalibai na ƙorafin an daɗe ba a tashi ba.

Farkon damina kuma, hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa tun kafin ɗigon ruwa ya sauka. Iskar na iya juyawa cikin ƙiftawar ido daga gaban jirgi zuwa bayansa, gudun da fiffike ke ji ya zube. Cessna 172 an gwada shi ne da iskar gefe ta kimanin kilomita 28 a awa, iskar gaban hadari kuwa takan ninka haka. Jirgin King Air da ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021 da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum goma ba na koyo ba ne, ya fi waɗannan girma da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a cikin mummunan yanayi yake neman sauka.

To, injin fa, da tsufan jirgi?

Inji na mutuwa, ba a musu. Amma ƙaramin jirgi ba ya faɗowa kamar dutse don injinsa ya tsaya. Yakan sulala, kusan mita tara gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauko. Daga tsayin zagaye yana da fiye da kilomita biyu na neman fili. Abin da ke kisa shi ne matuƙi ya ga ba zai kai titi ba, ya ƙi yarda da gonar da ke gabansa, ya riƙa ɗaga hanci don ya ja tafiyar, har fiffike ya saki. Mun dawo kan abu ɗaya.

Kuma mutuwar injin kanta sau da yawa daga mai take. Kafin kowane tashi za ka ga ɗalibi ya durƙusa ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi mai haske, ya tsiyayo mai daga gindin tanki, ya ɗaga shi ga rana. Man ƙananan jirage shuɗi ne. In akwai ruwa, zai gan shi ya kwanta a ƙasan kofin kamar ƙwallon gilashi. Wanda ya yi wannan a gurguje ranar da aka kwana ana ruwa ya ɗauki kasada. Akwai mantuwar juya makunnin tanki, inji ya shanye ɗaya alhali ɗayan na cike. Akwai ƙanƙara a cikin kafireta, abin da mutane ke mamakin ji a ƙasa mai zafi: iska na yin sanyi ƙwarai a maƙogwaron kafireta, don haka a rana mai laima ta damina, an rage wuta ana sauka, ƙanƙara na iya toshe shi ko da zafin waje ya kai digiri 25. Sannan malamai kan rage wuta da gangan don gwada ɗalibi, wani lokaci kuma gwajin ya rikiɗe ya zama gaske.

Batun tsufa kuwa, ba a auna jirgi da shekarar ƙira kamar mota. Da awannin tashi ake auna shi. Jirgin koyo ana duba shi duk bayan awa 100, inji kuma ana sauke shi a yi masa garambawul a wajen awa 2,000. Jirgi mai shekara 30 da ake bi da littafinsa ya fi mai shekara biyar da ake yi wa ɗauki-ɗora. Super Mushshak ɗin sojojin sama daga Pakistan aka sayo su a kwangilar 2016, ba su tsufa ba a 2022. Duk da haka masu zargi ba su yi laifi ba. Kayan gyara da dala ake sayensu, man shuɗin nan yana da tsada da wuyar samu a Najeriya, abin da ya sa jiragen Diamond masu shan man manyan jirage suka samu karɓuwa, kuma duk inda kuɗi ya yi ƙaranci akwai jarabar a ɗage gyara zuwa wata mai zuwa. Tambayar da ta dace ba shekarun jirgin ba ce, littafin gyaransa ne, da wanda ya sa hannu a ciki.

Yadda ake gano gaskiya

Hatsarin jirgin farar hula, Hukumar Binciken Hatsari ta Najeriya, NSIB, wadda a da ake kira AIB, ita ke bincikensa. Tana bin ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ta ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda in da hali, kuma manufar binciken hana maimaituwa ce, ba neman wanda za a hukunta ba. An yi haka ne don makanike da malami da ma'aikacin hasumiya su faɗi gaskiya ba tare da fargaba ba.

Yawancin ƙananan jirage ba su da baƙin akwati, saboda haka tarkacen ne ke ba da shaida. Jirgin da ya faɗo yana juyi yakan tattaru wuri guda, hanci a cikin ƙasa, babu doguwar sawu a bayansa. Wanda ya sulalo yana neman sauka yakan bar dogon karce. Farfelar da inji ke juyawa da ƙarfi lokacin bugu takan murɗe, da zane-zane a faɗinta. Wadda injinta ya tsaya takan lanƙwashe baya kawai. Ana duba inda leɓen fiffike ya tsaya, da inda makunnin mai yake, da katin ajiyar allon kwamfuta a sababbin jirage, da rikodin maganar hasumiya, da rahoton hukumar hasashen yanayi, NiMet, na wannan sa'ar.

Jiragen soja kuwa kwamitin soja ke bincikensu, kuma ba a saba fitar wa jama'a cikakken rahoto ba. Masu kare wannan suna cewa harkar tsaro ce. Ina ganin hujjar tana da ƙarfi a kan jirgin yaƙi, amma ba ta da shi a kan jirgin koyo mai farfela ɗaya da ke zagaye a kan unguwannin mutane. Darasin da aka samu daga faɗuwar jirgi a Mando zai amfani malami a Zariya da Ilorin, domin fiffike ɗaya ne, iska ɗaya ce. Iyalan mamatan ma suna da haƙƙin sanin abin da ya faru. Mun yarda kowa da ranarsa, amma yarda da ƙaddara bai taɓa hana a nemi sababi ba. Inda aka rufe rahoto, jita-jita ce ke cike gurbin.

Abin da ya shafi mu da ke ƙasa

Iyayen da ke shirin kai ɗa ko 'ya koyon tuƙi, ko da kuɗinsu ko da tallafin gwamnatin jiha, suna da damar yin tambaya. Makarantar na da lasisin NCAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a Najeriya? Ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya? Wace iska da wane hazo ne ke sa a hana tashi, kuma a rubuce dokar take? Ana hukunta ɗalibin da ya fasa sauka, ko yaba masa ake yi? Kuma kada a matsa wa yaro da ƙorafin ya daɗe bai gama ba. Mafi ƙarancin awannin lasisin farko 40 ne, da yawa kan wuce haka, kuma ranakun da aka hana shi tashi saboda yanayi ba asara ba ne.

Mu mazauna kusa da filayen jirgi ma muna da hannu. Juji da mahauta a kusa da titin jirgi na tara shirwa da sauran manyan tsuntsaye, kuma shirwa ɗaya ta isa ta fasa gilashin ƙaramin jirgi. Filayen da ke bakin titi ta kowane gefe, waɗanda ake ta yankawa ana gini, su ne wurin da matuƙin da injinsa ya tsaya zai ajiye jirgi. Kowane gida da aka dasa a wurin ya rage masa zaɓi, ya kuma sa masu gidan a hanya.

In kuma abin ya faru a gabanka, a kira 112 ko a sanar da jami'an filin, a taimaki wanda za a iya ciro shi, sannan a ja da baya. Man jirgin nan yana saurin kamawa da wuta kamar fetur ɗin mota, sigari ɗaya ko tartsatsi ya isa. Kada a ɗauki ko ƙusa, kada a juya farfela, kada a taɓa makunnan cikin jirgin. Wanda ya ɗauki bidiyon jirgin kafin ya faɗi ya kai wa masu bincike, domin daga ƙarar da ke ciki suna iya lissafa juyin injin. Hoton gawa kuma kada a saka shi a waya, akwai uwar da ba a riga an gaya mata ba.